Idon Baba Katanga

Jama'ar wannan zaure, sallama irin ta addinin Musulunci. Masu turo min saƙo kuna cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, yau zan faɗi abin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kansa. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Shahida, shekaruna ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a nan Kazaure. Mahaifina Malam Lauwali ne, amma idan ka tambayi gidan Malam Lauwali za a yi ta yawo da kai. Ka ce Baba Katanga, ko ɗan acaɓa baƙo zai kawo ka ƙofarmu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana buga lamba biyar, ya kuma yi sama da ashirin yana horar da Garkuwa, ƙungiyar ƙwallon unguwarmu.

Ga maganar da nake ta ɓoyewa: Baba ba ya gani.

Mu uku kaɗai muka sani, ni da shi da Gwaggo Dela, yayarsa, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar Ummana. Hawan jinin ido likita ya kira ciwon. Ya fara cin ganin daga gefe-gefe, yanzu haske da duhu kawai Baba yake bambancewa, sai inuwar mutum idan ya gifta ta bakin ƙofa. A gari kuwa an san ciwon ƙafa ne ya zaunar da shi. Baƙin tabarau dama tun yana saurayi ba ya rabo da shi, masallaci kuma a jikin gidanmu yake, ya haddace hanyar taku-taku.

Za ku ce mene ne abin ɓoyo a ciwo, ai ba mutum ya ɗora wa kansa ba. Ni ma haka na ce. To amma kakana, mahaifin su Baba, sai da ya makance kafin ya rasu. Shekara biyu da suka wuce wani Abdulnasir ya nemi aurena, har an tsayar da ranar da magabatansa za su zo, sai danginsa suka shiga bincike. Wata tsohuwa, Allah ya yafe mata, ta ce musu makanta gadon gidan ce. Daga nan shiru kake ji, ko sallamar rabuwa ban samu ba. Shi ya sa da idon Baba ya fara tafiya, Gwaggo ta zaunar da mu a ɗakinta, ta tura ƙofa.

"Ba mai jin wannan magana sai an ɗaura wa yarinyar nan aure," in ji ta. "Lauwali, ka ji ni? Ke ma ki ce kin yi alƙawari."

Na ce na yi. An auna nawa idon, likita ya ce lafiya lau, in dinga zuwa awo duk shekara. Amma wa zai tara dangin miji ya karanta musu takardar likita?

Sai Allah ya kawo Zaharadeen. Ɗan Roni ne, yana koyar da motsa jiki a sakandare, kuma Baba ne ya rene shi a ƙwallo tun yana lamba huɗu mai siraran ƙafafu. Da Baba ya ajiye horarwa shi ya miƙa wa ƙungiyar. Wata biyar ke nan yana zuwa wurina, Juma'a da Lahadi, bayan la'asar. Mutum ne mai sanyin magana, sai ya auna kalma kafin ya sake ta. Ba ya zuwa hannu biyu, ko aya ce ko rake sai ya riƙo. Ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba, so irin wanda idan na ji tsayuwar babur ɗinsa a waje nake mance inda na ajiye mayafina. Baffanninsa kuma sun aiko cewa za su zo daga Roni ranar Asabar ta sama. Kwana goma sha biyu suka rage a lokacin da abin da zan ba ku labari ya fara, Gwaggo kuwa ƙirga su take kamar mai jiran ganin wata.

Akwai ɓoyo na biyu a cikin na farkon. Duk ranar atisaye Zaharadeen yakan ɗauki bidiyon 'yan wasansa ya turo wa Baba a waya, ya nemi gyara. Wayar Baba kuwa a hannuna take. Da fari yadda muke yi, sai in zauna kusa da kujerarsa a tsakar gida, ina kallo ina faɗa masa.

"Lamba biyu ya tafi gaba, bai dawo ba. Lamba huɗu ya fita ya tare mai ƙwallo."

"Lamba biyar fa? Ya matso bayansa ko yana tsaye?"

"Yana tsaye yana kallo."

"To rubuta masa. Idan ɗaya ya fita, ɗaya ya rufa masa baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ni fa a bakin fili na tashi. Ni kaɗai Allah ya ba iyayena, Baba kuma ba shi da wanda zai riƙe masa usur sai ni, har na kai shekara goma sha biyu Umma ta ce ya isa haka. Saboda haka ba a daɗe ba na fara ganin gyaran kafin in faɗa masa abin da ya faru. Ya lura. Sai ya koma cewa, "To Uwata, ke me kika gani?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. In na faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce in rubuta. A wata biyun nan kuwa, ranar da ciwon kai ya kwantar da shi, ni nake kallo, ni nake amsawa, da sunansa. Na taɓa rubuta wa Zaharadeen cewa:

"Ka duba tsayuwar 'yan bayanka. Suna jera ƙafafu kamar masu sahun sallah, alhali mai tsaron baya a karkace yake tsayawa, ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Ka gyara wannan kafin komai."

Ya amso: "Allah ya ƙara girma Baba. Wannan idon naka ba irin namu ba ne."

Na karanta na yi dariya, daga baya kuma na ji kunyar kaina. Ranar Lahadi ya zo zance yana ba ni labarin hikimar Baba, ni kuma ina ɓare aya ina cewa ikon Allah.

Ranar Litinin ɗin makon nan aka yi wasan sada zumunta da wata ƙungiya daga Gwiwa, aka ci Garkuwa uku da ɗaya, duka ukun ta tsakiya, tsakanin lamba huɗu da lamba biyar. Ga wasan kofi da 'yan Babura yana tafe ranar Lahadi. Da safiyar Talata ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta saƙo ya shigo wayar Baba.

"Baba, barka da asuba, ya jikin? Don Allah ina roƙon alfarma. Ka zo fili gobe Laraba ko na rabin awa ne, zan turo adaidaita har ƙofar gida, a kujera za ka zauna. Yaran nan sun ji maganata har sun gaji. Idan suka gan ka da idonsu za su dawo hayyacinsu."

Na karanta wa Baba. Gwaggo tana bakin murhu tana dama koko, ludayin ya tsaya a hannunta.

"Ki ce masa ƙafa ta kumbura," in ji ta.

Baba ya murza carbi. Can ya ce, "Rubuta masa ina zuwa."

"Lauwali, kanka ɗaya kuwa? Kwana nawa ya rage?"

"Yaya, yaron nan bai taɓa roƙona komai ba."

"Ai ga shi zai roƙe ka 'ya. Ita za ka ba shi, ba ƙwallo ba. Ka je cikin samari talatin masu ido kamar na shaho, ka ce ba za su gane ba?"

"Uwata za ta raka ni."

Gwaggo ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Budurwar da ake jiran magabatanta, a filin ƙwallo, cikin ƙarti masu gajeren wando. To madalla. Ni dai na faɗa, kada a zo ana kuka a ɗakina."

Gaskiya tsoro nake ji, kuma na san Gwaggo ba mugunta take yi ba. Ita ta kwana da ni lokacin Abdulnasir, ita ta ga yadda na rame. Amma na ga yadda fuskar Baba ta washe da aka ambaci fili, wata bakwai rabon da ya taka shi. Na rubuta: "In Allah ya yarda zan zo. Ka tanadi igiya doguwa, kamar taku talatin."

Dabarar da muka ƙulla mai sauƙi ce. Na sa doguwar rigar atamfa mai ruwan toka, na ɗora hijabi ruwan ƙasa har ƙasa, sannan na sa takunkumi a fuska da sunan mura nake yi, don kada a ga motsin bakina. Zan zauna a gefensa riƙe da lema da gorar ruwa, in dinga raɗa masa abin da ke faruwa. Shi kuma ya sa farar shadda da hula zanna, ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da zai fita har ya tambaye ni ko hular ta zauna daidai.

Bayan la'asar adaidaita ta sauke mu a filin da ke bayan makaranta, gindin duwatsu. An yi ruwa da daddare, ƙasar ta kwanta, ciyawa ta fito a gefe-gefe, tsakiya kuwa jar ƙasa ce kamar kullum. Yaran suka taso a guje suna "Baba Koci, Baba Koci," suna durƙusawa. Na riƙe masa gwiwar hannu kamar mai taimaka wa mai ciwon ƙafa, ina raɗa sunaye.

"Yakubu ne a damanka. Jalaluddeen mai tsaron gida yana bayansa."

"Yakubu, har yanzu kana cin tuwo kafin atisaye? Jalaluddeen, na ji an zura maka uku, ko ragar ce ta yi maka faɗi?"

Aka kwashe da dariya. Zaharadeen ya zo ya durƙusa har ƙasa, sanye da shuɗiyar riga mai dogon hannu, usur a wuya. Ya gaida Baba, sannan ya ɗago ya ce min, "Malama, sannu da jiki. Ban san kina mura ba."

"Jiya ta kama ni," na ce, ina kallon lema.

Baba ya zauna a kujerar roba, ya ce a kawo igiya. Ya sa aka ɗaura ta a ƙugun 'yan baya huɗu, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kamar taku takwas: Yakubu a dama, Sama'ilu lamba huɗu, wani dogo lamba biyar, da na hagu. Ya ce 'yan gaba shida su yi ta kawo musu hari.

"Abin da nake so guda ɗaya ne," in ji Baba. "Idan ƙwallo ta tafi dama, duk ku matsa dama. Wanda ya tsaya kallo, igiya za ta tuna masa."

Ai kuwa ta tuna musu. Harin farko Yakubu ya zabura gefe, Sama'ilu yana tsaye, igiya ta fizge shi ya zauna daɓas. Na biyu lamba biyar ya ja baya shi kaɗai, ya janyo na hagu suka yi karo. 'Yan kallo da suka fara taruwa suna ta dariya, ni kuma ina ta raɗa ta cikin takunkumi.

"Sama'ilu ne ya faɗi. Lamba biyar yana ja baya da wuri."

"Lamba biyar, wa ya kore ka? Idan ka gudu baya kai kaɗai, ka ba ɗan gaba fili kyauta, ka kuma kashe mana satar fage. Ku taka tare, ku ja tare."

Bayan kamar minti goma sai abin ya fara kama jiki. Layin ya koma tafiya kamar mutum ɗaya, igiyar ba ta saki ta ja ƙasa, ba ta kuma ɗaure tamau. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Yanzu kowa ya yi shiru. 'Yan gaba, 'yan kallo, har kai Koci. 'Yan baya da mai tsaron gida kaɗai nake son ji."

Aka kawo hari. Ba abin da ake ji sai takun takalma da numfashi. Aka zura ƙwallo a raga.

"Kun ji abin da na ji?" Baba ya tambaya. "Ban ji komai ba. Gidan da ɓarawo ya shiga aka rasa mai cewa ga shi nan. Jalaluddeen, kai kake ganin fili duka, bakinka na mene ne? Ka ce Sama'ilu fita. Ka ce Yakubu bayanka. Mai tsaron baya da baki yake fara tsaro, ƙafa daga baya take zuwa."

A nan kam Baba bai buƙace ni ba. Kunnensa ya ishe shi. Yana jin wanda ya kira, da wanda ya makara da kira, har da wanda ya zube ƙasa ya kai wa ƙwallo ƙafa tun ba a kai ga haka ba.

"Na ji wani ya share min fili da wando. Duk wanda ya zube ƙasa ya fita daga wasa sai ya tashi. Ka tsaya da ƙafarka, ka jinkirta shi, 'yan'uwanka su dawo. Ba dole sai ka ƙwace ba. Ɗan gaba mutum ne mai gaggawa, in ka hana shi hanya da kansa zai ba ka."

Na dube shi ta gefen lema. Muryarsa ta dawo irin ta da, wadda nake ji ina ƙarama. Na ji daɗi har na manta da tsoro, kuma a nan na yi sake. Daɗin ya kwashe shi shi ma, sai kawai ya miƙe tsaye. Ya taka ɗaya, biyu, yana magana yana nuni da hannu, har ya yi taku shida ko bakwai daga kujera. Ni kuwa ba halin in bi shi cikin fili, ga samari, ga 'yan kallo. Na zauna riƙe da gorar ruwa ina addu'a a zuci.

An kwance igiya, an koma ɗaya da ɗaya: ɗan gaba ya taho da ƙwallo, ɗan baya ya tare shi. Sau uku ana yanke Sama'ilu, ta dama, ta hagu, ta dama. Zaharadeen ya hura usur, ya kamo hannunsa ya kawo shi gaban Baba.

"Baba, ka duba min yaron nan. Yana da gudu, yana da ƙarfi, amma kowa wuce shi yake. Sama'ilu, tsaya yadda kake tsayawa idan an taho maka."

Sama'ilu ya ɗan ranƙwafa, ya buɗe hannuwa, ya tsaya. Taku uku ne tsakaninsa da Baba. Fili ya yi tsit ana jiran hukunci. Baba ya ɗaga kai kamar mai nazari, amma ni na ga abin da ya tsinka min zuciya: fuskarsa ba Sama'ilu take kallo ba, ta ɗan karkata hagu, inda ba kowa sai iska.

"Hmm," in ji Baba. Ya gyara tabarau. "Hmm."

Na ga Yakubu ya dubi Jalaluddeen. Na ga hannun Baba yana lalube a aljihu yana neman carbin da ya baro a kujera. Mutumin da garin nan ya sani da Katanga yana tsaye a tsakiyar yaransa bai san inda zai kalla ba. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ji dai muryata ta fita, da ƙarfi, irin wadda nake yi wa 'yan aji huɗu.

"Ƙafafunsa a jere suke kamar mai sahun sallah. Ya ja ta dama baya, ya tsaya a karkace, ya bar masa hanyar layi kawai. Kuma ƙwallo zai kalla, ba kafaɗar mutum ba."

Kawuna talatin suka juyo. Da ƙasa za ta tsage da na shige, takunkumin ma ji na yi kamar ya zama na gilashi. Baba kuwa tsohon ɗan baya ne, ya san yadda ake rufe ɓaraka. Ya juyo daidai inda Sama'ilu yake, don ya ji motsin ƙafarsa.

"Ka ji ko? Har 'yata da ke zaune can ta gani. Ni kunya ce ta hana ni faɗa."

Aka yi dariya, har da tafi. Sama'ilu ya gyara tsayuwa, aka taho masa, ya tura ɗan gaban gefe, ya bi shi a hankali har ƙwallo ta fita waje. Aka sake, ya sake. Yaran suna ta murna suna cewa ashe Anti ma koci ce. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Zaharadeen ya dube ni, ya dubi Baba, ya sake dubana, sannan ya sunkuyar da kai ya hura usur aka ci gaba.

Da aka tashi, na riga na dawo da Baba kujera. Zaharadeen ya zo da ruwan leda mai sanyi, ya durƙusa, ya miƙa wa Baba da hannu biyu ba tare da ya yi magana ba. Ni a lokacin ina naɗe lema, ban ankara da wuri ba. Ruwan yana gaban fuskar Baba, Baba yana ta ba shi shawara a kan bugun kusurwa, wa zai tsaya a jikin turke, wa zai riƙe dogon ɗan gaban Babura. Hannun Zaharadeen ya daɗe a miƙe. Daga nan sai ya sauke shi a hankali, ya kamo tafin Baba, ya sa masa ruwan a ciki.

"Ga ruwa, Baba."

"Yauwa, Allah ya yi albarka."

Zaharadeen ya raka mu har adaidaita, ya sa hannu a saman ƙofar don kada Baba ya buge kai, abin da bai yi ba lokacin da muka zo. Ni ko kallona bai yi ba.

A hanya Baba sai fara'a yake, yana ta maimaita yadda igiya ta kayar da Sama'ilu. Da muka shiga gida Gwaggo tana tankaɗen garin tuwo, ta dube ni sau ɗaya ta ajiye rariya.

"An gane ko?"

Na zauna a bakin tabarma na cire takunkumi, na faɗa mata komai, maganata da kuma ruwan. Baba yana tsaye yana ji, fara'ar ta bar fuskarsa. Shi bai san an miƙa masa ruwa ya bar shi a iska ba. Na zaci Gwaggo za ta yi faɗa, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Sai kawai ta goge hannu a zani ta ce, "Kwana goma fa, Lauwali. Kwana goma kawai na roƙe ka." Ta ɗauki butarta ta shige.

Na yi sallar magariba, na daɗe a kan darduma. Na duba wayata ya fi sau goma, ba kira, ba saƙo. Kullum bayan atisaye sai ya rubuto min, "Malama, mun tashi lafiya," yau ba ko ɗigo. Ina tuna yadda na Abdulnasir ya fara, shi ma da irin wannan shirun ne. Abin da ya fi ci min rai ba ciwon ba ne, ƙaryar ce. Wata biyar mutum yana zama a zaurenmu da zuciya ɗaya, ina amsa masa da sunan mahaifina, ina kuma ɓoye masa abin da ya kamata ya sani kafin ya taso dattawa daga Roni.

Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerarsa. Gwaggo ta kawo tuwo ta ajiye, ba wanda ya buɗe. Sai wayar Baba ta yi ƙara a cinyata.

"Wane ne?" ya tambaya.

"Koci ne."

"Karanta."

Na buɗe. Na karanta masa.

"Assalamu alaikum. Ina ƙofar gida. Ban san wa zan ce ina sallama da shi ba, don ban san wa yake karanta wannan saƙo ba. Amma ina da tambaya biyu, kuma ba zan so baffannina su ji amsarsu a bakin wani ba kafin ni in ji."

Gwaggo ta fito bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. "Ki ce masa Baba ya kwanta, gajiyar fili. Ke kuma mura ta rufe ki. Gobe ma rana ce, ma san abin faɗa."

Na ɗora yatsa a kan wayar. Wallahi na fara rubutawa, har na sa "Baba ya," sai na ji hannunsa ya lalubo ya dafa nawa.

"Bari, Uwata. Yaya, ki yafe min, alƙawarin nan ni zan karya, ba ita ba. Yaron nan ya ga abin da ya gani, ya rufa min asiri a gaban yaransa. Ba zan saka masa da ƙarya ba."

"In ya tafi fa?" Muryar Gwaggo ta karye. "In ya tafi kamar wancan?"

Ni ma tambayar ce a raina. Baba ya miƙe, ya gyara zaman rigarsa, sannan ya cire baƙin tabarau ya miƙo min. Rabon da wani bare ya ga fuskarsa ba shi har na manta.

"Ajiye wannan. Ki ce masa ya shigo zaure, ki riƙe hannuna ki kai ni." Ya ɗan tsaya. "Kuma ki kunna fitilar zauren, ya ga idon da kyau."